Madam Ta Kira Sunansa

Daren Laraba

Komai ya canja ne ranar da fararen motocin tawagar sulhu suka tsaya a Titin Koudoukou suna neman mai jin Faransanci da Sango da Hausa, liman ya nuna mijina. Tun ranar ya bar shago ya zama tafinta tsakanin baƙin waje da samarin unguwa masu bindiga: wane shinge za a ɗage, wace hanya za a bar wa motocin abinci, wa zai fara janyewa.

Na san aikin lada ne. Ni ma na gaji da kwana a ƙarƙashin gado saboda harbe-harbe.

Amma yau Madam ɗin tawagar ce ta sauke shi har ƙofar gida. Ina bayan labule na ji ta kira sunansa gatsau, sunan da ko a nan ba na iya rubutawa. Ta faɗi wani abu da Faransanci, ya yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin rikici.

"Yaya, me ta ce?" na tambayi mijin nawa da ya shigo.

"Maganar shingen unguwar Kokoro ce."

"Shingen ne har da riƙe ciki?"

"Ke dai littattafan soyayyar nan sun cika miki kai."

Wataƙila. A littattafan mace takan gane komai daga kallon ido. Ni na kalla ban gane ba, kuma mai fassara mini shi ne wanda nake zargi.

Gobe zan shiga wajen Maman Awa maƙwabciyarmu, ta fara koya mini Faransanci. Ba zan gaya masa ba.