Sun Ce Raki Nake Yi Bayan Tiyata

Assalamu alaikum Anti Wasila. Don Allah ki agaza mini da shawara, raina ya gama ɓaci. Yau kwana goma sha ɗaya da aka yi mini aiki aka ciro 'yata ta fari, kuma har yanzu in na yi tari sai in ji kamar ɗinkin zai ɓalle. Ko ɗaga jaririyar ba na iyawa, sai an miƙo mini ita.

Abin da ya fi ciwon ƙona mini rai shi ne Hansatu, ƙanwar maigidana. Bara aka yi mata irin wannan aikin, wai kwana huɗu ta tashi ta ɗora tukunya. Shi ke nan na shiga uku, duk wadda ta zo barka sai an ba ta labarin jarumtar Hansatu a gabana. Ranar suna aka zaunar da ni a tabarma tun hantsi har la'asar, ina murmushi gumi na keto mini. Surukata cewa take 'yan unguwar Sabangali ne mu, an saba shagwaɓa mu.

Ban ɓoye miki ba, ranar sallama da likita ya tambaye ni ya jiki, surukata na tsaye a kaina, kunya ta sa na ce da sauƙi. Ya rubuta magani kaɗan ya sallame mu. Da na roƙi maigida ya mayar da ni asibiti, sai Hansatu ta kawo ragowar ƙwayoyinta na bara a ƙullin leda, wai su suka tashe ta. Kwana uku ina sha, ko gezau. Yanzu har shi maigidan ya fara yi mini kallon mai ƙarya. Anti, ni ce raguwa?

Mai jego, daga unguwar Gudji

'Yar uwa, ke ba raguwa ba ce, kuma ni ma wasiƙarki ta ɓata mini rai. Yadda mutane suka bambanta a tsawo da launin fata, haka suka bambanta a jin zafi, kuma wani ɓangare na wannan gado ne daga iyaye, yana cikin ƙwayoyin halitta. Haka ma magani: jikin wata yakan sarrafa shi ya yi mata aiki, a jikin wata ya wuce kamar ta sha ruwa, wata kuma ya yi mata ƙarfi har ya iya cutar da jaririn da take shayarwa. Hansatu ta dace da jiki ne kawai, ba wata gasa ta ci ba. Ki daina shan ƙwayoyin nan yau ɗin nan, ki tafi da ledar ki nuna wa likita.

Ban ce surukarki muguwa ba ce. A kan dauriya aka raine su, abin da suka sani ke nan, ita ma Hansatu taimako ta nufa. Amma ke ma da naki laifin. "Da sauƙi" amsar 'yan dubiya ce, likita kuwa da abin da kika faɗa masa yake aiki. Wannan karon ki nemi ganinsa ke kaɗai, ki faɗa masa inda ke ciwo da yadda yake ciwo.

Ki ba maigidanki wannan shafi ya karanta. Malam, ciwon da bai lafa ba bayan kwana goma yana iya zama ɗinki ne ya ruɓe, balle in da zazzaɓi ko ruwa na fita. Ba ƙanwarka aka yanka a wannan karon ba, matarka ce. Ka kai ta.

In ya tsaya jan ƙafa, ki kira mahaifiyarki ta zo ta raka ki, kada ki kai jibi. Allah ya ba ki lafiya, ya raya yarinya, ya nuna mana ranar da za ki goya ta da kanki.

Anti Wasila