Na Kira Sunanki a Gadar Mayo Gwoi

Zuwa ga Maman Peter, ruwan farkon daminata, inuwar da nake fakewa idan ranar Jalingo ta buɗe, gishirin miyata, wadda in ta fita unguwa gidan ke zama rumbu babu hatsi. Gaisuwa da ƙauna, da fatan Ubangiji ya tsare min ke.

Na san dariya za ki yi idan kin tsinci takardar nan cikin kwandon kekenki. Za ki ce tsohon nan ya fara ruɗewa, ɗaki ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke ci, ya rasa baki sai biro? Yi dariyarki, gimbiyata, bakina lafiyarsa ƙalau. Maganar da ke cikina ce ta raɗa, raɗa kuwa ta daina isowa gare ki. In na ɗaga murya yadda za ki ji, jikokin nan uku da suka cika gidan za su ji, maƙwabtanmu na Nukkai ma za su ji har su aiko da shawara.

Bari in faɗa ko da za ki ɓata rai: kunnenki ya yi nauyi, masoyiyata. Kin ce mutanen zamani ne ke magana ciki-ciki, kin ce fasto ya rage murya, kin ce rediyon ya tsufa. Ni ma na bi ki, na ce ƙwarai rediyon ne, har na kai shi wurin mai gyara don ki ji daɗi. Ya kunna, ya dube ni, ya miƙo min abina.

Wane daɗi ne ban ji ba tun da yaran nan suka zo dogon hutu! Mun bar aiki ana ce mana sai zaman kujera da shan magani, sai ga mu kan titi a jere bisa kekuna: ke a gaba da ɗankwalinki ruwan ɗorawa, Hope da Matiyu a tsakiya, Jennifer babbarsu tana binsu, ni a ƙarshe ina gadin garke. Mun tsaya mun ci gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa a bakin hanya. Mun kai su sun ga yadda duwatsu suka yi kore shar bayan ruwa. Mun kutsa kasuwa Hope tana taya doya da kuɗin alewa. Masu keke napep suna leƙo kai suna cewa a gaida Baba da Mama, Matiyu mijinki na wasa yana rantsuwa sai ya tsere min ya ƙwace ki. Duk wannan lokacin idona bai bar ɗankwalin nan ba. Shekara arba'in da ɗoriya ina bin ki, ban taɓa ƙosawa ba.

Sai ranar Talata. Ke ba ki san abin da ya faru ba, ko da yake a kanki ya faru. Mun hau gadar Mayo Gwoi, tifa ta taho ta bayanmu ɗauke da yashi, tana danna hon tun daga nesa. Yaran suka ji, suka raɓe gefe suka sauke ƙafa. Ke kuwa kika ga ramin ruwa a gabanki, kika karkato tsakiyar titi hankalinki kwance, kamar kina ratsa tsakar gidanmu. Direban ya danne hon bai ɗaga ba. Na ji ƙarar birki, na ji Jennifer ta ƙwala ihu.

Kin san tun ranar da aka haifi Peter ban sake kiran sunanki a gaban mutane ba. Kin zama Maman Peter, yara suka zo suka mai da ke Kaka, sunan nan na ɓoye shi ya zama nawa ni kaɗai. Ranar Talata na fito da shi a tsakiyar gada, a gaban 'yan tireda da mata masu wanki a bakin rafi, da dukan ƙarfin da ya rage min a ƙirji. Lucy! Kowa ya waiwaya. Mai tura baro ya waiwaya, masu wanki suka miƙe tsaye. Ke kaɗai ce ba ki waiwaya ba.

Allah ne ya riƙe hannun direban nan. Ya kauce, iskar motar ta ɗaga bakin ɗankwalinki, kika sa hannu kika gyara. A ƙarshen gada kika tsaya kina jiranmu, kika gan ni na sauka ina tura keke, kika yi min dariyar tsufa. Sa'an nan kika ce, "Direbobin yanzu ba su da ladabi, ya wuce ni ko hon bai yi ba." Yaran suka dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyaran sarƙar da ba ta zame ba.

Tun ranar tsoro ya tare a ƙirjina, ya ƙi fita. In kin je shagon bakin layi sayen magi, ina tsaye a ƙofa har ki dawo. In mota ta yi hon a titi, cokali sai ya faɗi daga hannuna. Me zan ce wa 'ya'yanmu Peter da Vivian da an sami akasi? Wa zai tashe ni addu'ar safe? Wa zan yi wa musu a kan gishiri? Ina zan kai waɗannan shekarun da suka rage, ni da ban san inda kike ajiye allura ba? Ke ce hasken safiyata, in kin ɗauke, wace rana ce za ta fito min? Ina tsoro, Lucy, ina tsoro ƙwarai, ban kuma ji kunyar faɗa ba.

Ga shi tsoron ya haifi ƙane. Jennifer ta gaya wa uwarta Vivian a waya, ban kuma ga laifinta ba. Vivian ta kira ni tana kuka, ta gama kuka ta yanke hukunci irin na 'ya'yan da suka girma suka fi iyayensu sani. Ran Asabar za ta zo ɗaukar yaran, ta haɗa da ke zuwa Abuja ganin likitan kunne, ki zauna wurinta inda babu keke babu gada. Ni kuwa in tsaya in kula da gida da kaji, kamar maigadi aka ɗauke ni. Ta ce na ɗan lokaci ne. Haka aka gaya wa abokina Manasseh lokacin da 'ya'yansa suka tafi da matarsa Legas. Damina nawa ke nan? Kin gan shi a coci, rigarsa ta yi masa yawa, shi kaɗai a bencin da suke zama su biyu. Titi na so ya raba ni da ke farat ɗaya, 'yarmu na so ta raba mu sannu a hankali, cikin ƙauna. Ban san wanne ya fi tsorata ni ba.

Kin tuna Lau? Kin tuna baƙin keken nan da nake ara wurin kawuna, in ɗauko ki daga makarantar da kika fara koyarwa, mu bi bakin kogi muna kallon masu kwale-kwale suna jan taru? Kina zaune a kariyar keken a bayana, kunya ta hana ki riƙe ni, sai da na faɗa rami da gangan kika cafke rigata. Daga baya kika jingina kunnenki a bayana ina rera waƙar coci, kika ce ta ciki kike jin muryata, kamar kin kasa kunne a jikin ganga. Na ɗauka zaƙin bakin budurwa ne. To, makon jiya da rana, ina zaune a baranda ina gunguna waƙa ƙasa-ƙasa, kika zo da gajiyar girki kika ɗora kanki a bayana. Ba zato na ji kin kama baitin kina bi, ba ki kuskure ko kalma ɗaya ba. Ke da ba ki ji tifa ba, kin ji ni! Hawaye na ta zubo min, ba ki gani ba don kina bayana.

Don haka nake roƙonki abu biyu, sarauniyata. Na farko, mu je wurin likitan. Na ce mu je, ni da ke. Ke za ki gaya wa Vivian da bakinki, don ni tana juya ni kamar waina, ke kuwa har yau tsoron harararki take. Ki ce mata inda kika sa ƙafa nan tsohonki zai sa, kuma tare za mu dawo Nukkai. Kajin a ba maƙwabta, su cinye ma in sun ga dama.

Na biyu ya fi nauyi, na sani. Gobe ce fitar ƙarshe da muka yi wa yaran alkawari, na kuma ga kin sa an yi wa tayarki iska. Ki bar keken nan a jingine. Na san me nake nema. Kin koyi keke lokacin da mata ke yi miki dariya, kin tuƙa shi zuwa aji shekara da shekaru, ba ki taɓa yarda wani ya shiga gabanki ba. Ba rashin iyawa ba ne, har gobe kin fi ni tuƙi. Amma titi da kunne ake binsa, ni kuwa nawa biyu suna nan ba su da aikin yi sai sauraron ki. Na ɗaure matashi a kariyar kekena, na gwada shi, ba ya motsi. Jennifer ta ja gaba. Gwiwoyina za su yi ƙorafi, su yi, sun ci abincinki sun ƙoshi, lokacin biya ya yi.

Ki hau bayana kamar a Lau. Ki riƙe ni sosai, kada ki jira in faɗa rami. Ki jingina kunnenki inda kika saba. Idan mun hau gadar Mayo Gwoi zan sake kiran sunanki, wannan karon a hankali, yadda ba wanda zai ji sai ke. Don Allah ki amsa, Lucy.

Naki tun daga bakin kogin Lau har ranar da Ubangiji zai kira ni gida, wanda bai taɓa duban wata ba kuma ba zai duba ba,

Zacchaeus