Kalmar da Ba a Faɗa a Gidanmu

Litinin, 30 ga Yuni, 2025

Yau na shiga uku. Malam Yahuza, malaminmu na Hausa, ya ce a bikin rabon kyaututtuka na bana wasu daga cikinmu za su tashi a gaban iyaye, kowa ya ba da tarihin kalma ɗaya da Hausa ta aro. Ƙuri'a aka yi a cikin hularsa. Ƙawata Jemimah ta ɗauko "tebur". Ni na sa hannu na ɗauko "soja".

Soja! Duk kalmomin duniya.

Ni da ko amsa kiran suna a aji sai an ce in maimaita. Kuma Baba ba ya fashin bikin nan, a layin gaba yake zama.

Talata, 1 ga Yuli

Ban faɗa a gida ba. Tun da Yaya Abdulbaƙi ya shiga aikin nan bara, ba a ambaton kalmar a gidanmu. Ko a rediyo aka fara, Baba zai murɗa tasha.

Dama Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. "Manomi" yake ce masa tun yana ƙarami. Ranar da Yaya ya tafi Zariya horo ya bar riɗi a gona ba a yanke ba, Manomin ma ya mutu a bakin Baba. Yanzu Yaya ba shi da suna ko ɗaya. In ta kama dole, sai "wancan".

Abin da Baba ya ce a ranar ban manta ba: mutum ya sayar da ransa saboda ƙarshen wata. Kuma kada ya tako masa gida da kaki.

Alhamis, 3 ga Yuli

Yaya ya kira a wayar Umma. An ba shi hutu, ƙarshen watan nan zai zo. Ya ce in Baba bai sauko ba, zai sauka a wurin abokinsa a Kafin Hausa, mu je mu gan shi a can. A gidan mutane, kamar baƙo.

Umma ba za ta roƙi Baba ba. Ita ma ɗan farinta ne, in ta buɗe baki a kansa za a ce ba ta da kunya. Ta miƙo min wayar kawai ta shiga madafa, ta daɗe tana hura wutar da take ci.

Litinin, 7 ga Yuli

Mun duba babban ƙamus a laburare ni da Malam. Daga Turanci muka aro ta, wannan kowa ya sani. Amma Turawan Ingila ma aro suka yi daga Faransanci, can asali kuma sunan wata tsabar zinariya ce ta Rumawa, solidus. Wato ma'anarta ta farko: wanda ake biya ya yi yaƙi.

Maganar Baba ce sak, a rubuce cikin littafi. Ni zan tashi da lasifika in ba shi gaskiya a gaban duk Dutse?

Laraba, 9 ga Yuli

Na roƙi Malam in tsallake zancen tsabar, in yi maganar dakaru da barade da muke da su tun kafin zuwan Turawa, shi ke nan. Ya ce, "Zakiyya, tarihi aka ce ki bayar, ba kwalliya ba. Ki faɗi inda aka haife ta, sannan ki nemo inda ta girma."

Ban gane ba, kuma na kasa tambaya.

Asabar, 12 ga Yuli

Alhamdu lillahi! Na samo, kuma a gonarmu.

Na kai wa Baba fura, yana huɗa da shanun noma, shi da ƙaninsa, Baffa Barau. Rana ta take, farin sa ya gaji yana neman kwanciya, jan kuwa sai ja yake yi, har ƙarshen kunya. Baba ya dafa tozonsa ya ce, "Kai dai so..." sai ya haɗiye sauran, ya yi tari.

Nan na tuna. Kafin Yaya ya tafi, kullum haka Baba yake yabon jan san nan: "Wannan sa soja ne." Wa ya taɓa biyan san noma albashi?

Har na zubar da sauran furar a hanya don sauri.

Talata, 15 ga Yuli

Kwana biyun nan kunne kawai nake kasawa. Mai ƙosan bakin makaranta ta ce 'yarta soja ce, ta haihu da safe, da yamma tana wanki. Wani ɗan acaɓa ya ce babur ɗinsa soja ne, ya je Miga ya dawo cikin taɓo. Ba wanda ya faɗe ta yana nufin kuɗi. Ko ɗaya.

Laraba, 16 ga Yuli

Gwaji a bayan ajinmu. Jemimah ta koma can gindin darbejiya ta ce in fara. Na fara. Ta ce, "Ke Zakiyya, da tururuwa kike hira? Ni ban ji komai ba." Na sake. Ta ce yanzu ƙadangaru sun fara ji.

Ta ce kakanta ma tsohon soja ne, har ya rasu bai yarda an taɓa masa takalmi ba. Ta ce in na ji tsoro in kalle ta, za ta yi min gwalo.

Juma'a, 18 ga Yuli

Baba ya sa an goge masa babbar riga. Ya tambaye ni me zan faɗa gobe. Na ce, "Tarihin wata kalma ne, Baba."

Asabar, 19 ga Yuli

Na yi! Wallahi na yi!

Aka kira sunana, na tashi. Baba yana layin gaba a ƙarƙashin rumfa, Baffa Barau a gefensa. Na yi sallama, abin maganar ya yi ƙara, yara suka yi dariya. Na nemi Jemimah, ta cika alkawari.

Na ce, "Kalmata ita ce soja."

Na ga Baba ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Na ci gaba. Na faɗi dakare mai yaƙi a ƙasa, da barde mai yaƙi a kan doki. Na faɗi yadda Turawa suka zo da tasu. Na faɗi tsabar Rumawa, ban rage komai ba: asalinta wanda ake biya. Baba ya ɗago ya kalle ni, kamar yana cewa ai na faɗa.

Sai na ce wannan inda aka haife ta ne, amma a bakinmu ta girma. Na kawo 'yar mai ƙosai, na kawo babur ɗin Miga. Sannan na ce, "Na san wani manomi, babban mutum, mai jan sa. In san nan ya kai ƙarshen kunya bai tsaya ba, sai ya dafa shi ya ce, wannan soja ne. Jama'a, wa ya taɓa ganin sa a layin albashi?"

Wurin ya ɗauki dariya. Baffa Barau ya fi kowa, har da buga cinya, yana zungurin Baba: "Yaya, ka san mutumin?" Baba ya kai hannun riga ya rufe baki, amma kafaɗunsa sun tona shi.

Na rufe da cewa Bahaushe ya aro kalmar da kuɗi a cikinta, ya zazzage kuɗin ya zuba juriya. Wanda ba ya juya baya, shi muke kira soja.

Tafi har shugabar makaranta ta miƙe. Malam Yahuza ya ce, "Ashe da murya a ciki!"

A hanyar gida Baba ya tsaya ya saya min tsire, abin da bai taɓa yi ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Baba bai tayar da zancen bikin ba. Ko na yi rashin kunya ne? Umma ta ce in bar shi, tuwo ma sai ya huce ake ci.

Talata, 22 ga Yuli

Da safe ina shara, Baba ya ɗauki fartanya zai fita. Ya tsaya a bakin zaure, bai kalli kowa ba, ya ce wa Umma a kwashe buhunan da ke ɗakin zaure, a share, a sa tabarma sabuwa.

Umma ta ce, "Baƙi za mu yi, Malam?"

Ya ce, "Soja ba zai kwana a kan buhu ba ai." Ya fice.

Umma ta zauna a kan turmi. Ni na ci gaba da share wurin da na riga na share.

Laraba, 30 ga Yuli

Yaya ya iso bayan la'asar, da kakinsa. Ya rame, ya yi baƙi. Ya cire takalman nan masu nauyi a ƙofar zaure ya durƙusa. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Soja, an iso? Gobe akwai maimai a gonar riɗi, mu ga ko hannun bai mutu ba." Yaya ya ce, "To, Baba."

Baffa Barau ya shigo ya ba shi labarin bikin, ya ƙara gishiri son ransa. Ya nuna ni ya ce, "Ai soja biyu ne a gidan nan, ga ƙaramar."

Ba na son irin wannan tsokana a gaban mutane. Na ce, "Uku ne, Baffa, ka manta da jan sa."

Sai da kowa ya yi dariya na lura daga tsakar gida na faɗa, kuma har zaure an ji.