Man Da Aka Shafa Wa Yaran

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni 'yar Daura ce, ina digiri na biyu, bincikena a kan ciwon fatar nan ne da ke sa yaro susa har jini ya fito. Aikin shi ne a yanki 'yar fata kamar ƙwayar gero, a duba waɗanne ƙwayoyin halitta na gado ne suka tashi da aiki, waɗanne suka yi shiru, ko a samu alamar gane ciwon da wuri. Goggona da ke wajen Baure ita ta bi gida-gida ta tara mini iyaye mata masu yaran da ke da ciwon. Na roƙe su kada a shafa wa yaran komai na sati biyu kafin ranar yankan fatar, duk suka ce to.

Shekara biyu ina kan wannan aiki. Sakamako ya fito, ƙwayoyin da aka san suna tashi a ciwon, a yaranmu sun kwanta. Malamina har miƙewa ya yi, ya ce mun samo sabon abu, in rubuta a buga.

Satin da ya wuce na je gaida Goggo, muna gyaran zogale take ba ni labari tana dariya, wai ai duk sai da suka gyara yaran. Ta ce wace uwa ce za ta kai ɗanta gaban baƙi jiki duk furu-furu, a ce ba ta kula da shi? Kwana uku kafin ranar suna shafa musu man kaɗanya haɗe da man kemis mai kwantar da ƙaiƙayi, ita da kanta ta raba musu. To wannan man shi ke kwantar da ƙwayoyin da nake murna a kansu.

Ban yi mata faɗa ba, na ci gaba da tsinke zogalen. Har yau ban yi kuka ba, ba na ma jin komai. Ina zuwa makaranta, malam na ce mini gwana, ina cewa na gode.

In na yi shiru na gama lafiya, amma wani likita zai dogara da abin da na san ba gaskiya ba ne. In na faɗa, sai na koma na ce wa matan nan tabon da ke hannun 'ya'yansu na banza ne, su kawo su a sake yankar fatar. Jibi zan miƙa rubutun. Ku da kuke iyaye, in na dawo ƙofarku, za ku sake ba ni yaron?