Sarƙar Takarda a Ɗakin Baba

Zuwa ga Malama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyali. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, alhali ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Ni ce ɗalibar ajin ƙarshe da kike ce wa Shiru-Shiru.

Mako bakwai ke nan ban zo makaranta ba. Babana ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai kalma ɗaya ko biyu. Mama tana wanki a asibiti, tun safe sai yamma lis. Ni ke juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, in ba shi abinci a cokali, in canja zanin gado. Ko ƙofar gida na leƙa sai in ji kamar yana kirana.

Abin da ya sa na rubuto ƙarami ne. Baba mai yankan takarda ne a maɗaba'a. Kowace shekara in Kirsimeti ta gabato yakan kawo buhun ragowar takardu masu launi, mu baje a ƙasa mu yi sarƙoƙi da taurari, ya hau kujera ya rataya. Bana babu mai kawowa. Yini yake yana kallon silin, ba komai a wurin sai tabon yoyo. Sarƙa dai na iya, amma tauraron nan mai kusurwa biyar da kika koya mana, daga ninki na uku nake ɓacewa. Ko za ki taimaka ki tuna mini? 'Yar maƙwabtanmu da ta kawo wannan za ta karɓo amsa.

Ki huta lafiya.
Ɗalibarki

*

Shiru-Shiru,

Na amsa gaisuwa. Ashe kina da baki, a alƙalami kika ɓoye shi. Allah ya ba Babanki sauƙi, ke kuma sannu da ƙoƙari.

Ga tauraro na ninka miki a cikin ambulan. Ki warware shi a hankali ki bi sawun ninkin, ya fi dogon bayani. Gam kuwa, ki dama fulawa da ruwa ki dafa, ki zuba ɗan gishiri don kada ya yi funfuna.

To, ga maganar da ba ki tambaya ba. Ranar Juma'ar makon gobe ake rufe rajistar jarrabawar fita. Dole kowa ya zo da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsansa, da zuwa da dawowa aikin awa uku ne. Wanda bai zo ba sai baɗi, kuma na daɗe a aikin nan, na san waɗanda ake cewa sai baɗi ba su cika dawowa ba. Ki samo wanda zai zauna da Baba. Ba shawara nake ba ki ba.

Ki gaishe da Mamanki.
Malamarki

*

Zuwa ga Malama,

Ina gaisuwa, na kuma gode da tauraro. Na gane ninkin.

Maganar Juma'a, na nuna wa Mama. Ta nemi izini a wurin aiki, aka ce ta cinye kwanakinta tun lokacin da Baba ke asibiti. Maƙwabta duk ma'aikata ne. Saura Gwaggo, yayar Baba, amma shekara shida ba sa ga-maciji, tun wata magana da suka yi ranar jana'izar Kaka. Mama ta ce kada in kuskura in ambace ta a gabansa, jininsa zai hau.

Malama, na yi wani abu da nake jin kunyar faɗa miki. Da na ga ba hanya, sai na ce a raina, to littattafan nan su yi wa wani amfani. Na ɗauko littafin rubutuna na kimiyyar halittu da na tarihi, na yanyanka su siri-siri da almakashin Baba, na haɗa sarƙa mai zobe ɗari biyu da wani abu. Na juya rubutun ciki, don wanda ya shigo ɗakin ya ga fari kawai. Na manta cewa wanda ke kwance a ƙasan sarƙa cikin zoben yake gani.

Da farko ya yi murmushi da rabin bakinsa. Can na ga leɓensa na motsi. Shekara ashirin yana duba takarda a juye a wurin aiki, rubutu a karkace ba ya ba shi wuya. Ya buga katifa da hannun hagu.

"Naki?"

Na ce, "Tsoho ne, Baba, na bara."

Ya miƙa yatsa wajen wani zobe. Kwanan watan wannan zangon ne a jiki, da jan bironki a gefe.

"Sauke."

Na sauke. Ya juya fuska bango, ya ƙi abinci, ya ƙi magani. Sai na faɗa masa komai, har maganar Juma'a. Da Mama ta dawo, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar: "Kira Yaya."

Mama ta ce, "Wace Yayar? Wadda ka ce ko gawarka kada ta gani?"

Ya ce, "Ban mutu ba."

An aika mata, amma har yanzu ba amsa. Ki yafe mini littattafan.

Ɗalibarki

*

Shiru-Shiru,

Da a gabana kike da na ja kunnen nan. Ga takardu masu launi na tsinto a ofis, ki bar ilimi ya huta da almakashi. Zan kasance a ɗakin rajista har ƙarfe ɗaya ranar Juma'a. Bayan ɗaya ba ni da iko.

Ki ce wa Babanki na gaishe shi, ya fi ki hankali.
Malamarki

*

Zuwa ga Malama,

Ina gaisuwa da girmamawa. Jiya na ga kin buɗe baki za ki yi mini magana bayan an ɗauki hoton, na fita da gudu. Ba raini ba ne, lokacin juya Baba ne ya wuce.

Sai sha ɗaya da rabi Gwaggo ta iso, na riga na cire rai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi ta ce, "Mai Tawada, ashe akwai ranar da za ka yi shiru in gama magana." Ta juyo kaina, "Ke kuma kin ƙura mini ido kamar na zo da ƙaho. Wuce!"

Da na dawo na tarar ta juya shi da kanta, tana ba shi abinci tana zuba masa faɗan shekara shida, shi kuma yana haɗiya. Ta riƙe mini kujera na rataya taurari tara. Sarƙar littattafan kuwa na gwada ɓamɓare ta da tururi, tawadar ta narke, ba abin da ke karantuwa.

Na raka ta bakin titi, na daure na tambaye ta ko za ta riƙa zama da Baba in an koma makaranta a Janairu. Ta ce, "'Yar nan, shagona ba ya buɗe kansa, gwiwoyina kuma kin ji ƙararsu. Yau na zo. Kada ki ɗora mini gobe." Amma ta bar mayafinta a kan kujerar ɗakin, ban sani ba ko mantawa ta yi.

Sunana dai ya shiga. Ko za ki gan ni a aji in an buɗe makaranta, wannan ban sani ba. In ba ki gan ni ba, Malama, kin yarda in sake rubuto miki?

Barka da Kirsimeti.
Ɗalibarki