Uba da Ɗa a Kan Tagulla

Tasalonika, 4 ga Maris

Zuwa ga aminina Lefteris,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taka da ba ta rabo da ƙorafi? Yaya Marika da yara da jikoki? Ina fata sanyin tsibiri bai kwantar da kai ba. Ni dai da sauƙi, in ka cire idon hagu da ke ta dushewa. Likita ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne.

Ka tambaya ko har yanzu ina nan da haukan tara tsoffin kuɗi. Ina nan, tsohon banza, har na ƙara ɗaya. Tagulla ce ta zamanin sarakunan Rum ta Gabas, ta kusa shekara dubu da ɗari huɗu. Uban yana tsaye da gemunsa, ɗan yana gefe, tsawonsa bai wuce kafaɗar uban ba. Ita ce ta arba'in da uku. Ka san halina, ba na sayen wadda sarki yake shi kaɗai, sai mai uba da ɗa. Na rubuta mata katinta, shekara da nauyi da garin da aka buga ta, na kwantar da ita a faranti. Na waiwaya zan ce wa matata, "Froso, zo ki gani," sai na tuna shekara uku ke nan da muka binne ta. Na haɗa kofi na sha ni kaɗai.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na rubuta wa ɗana Anestis. Kada ka yi mini dariya. Kai ka riƙe shi ranar baftismarsa, kana da haƙƙin sani. Shekara goma sha ɗaya rabona da ɗana, in ban da gaisuwar da muka yi a tsaitsaye ranar jana'izar uwarsa. Kuma har gobe ina cewa ni aka yi wa laifi. Ni sunan kakana nake ɗauke da shi, shi kuma sunan mahaifina na sa masa, kamar yadda kowa ke yi. Ya samu ɗan fari a Jamus, maimakon ya yi mini takwara, sai ya kwaso wani suna da babu shi a zuriyarmu kaf. Na ƙi zuwa baftismar, kuma sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba.

Ban ce masa ina kewarsa ba, ina zan iya. Cewa na yi akwai takardar da magajina zai sa wa hannu a kai wa hukumar kayan tarihi, don kuɗin nan su zama nasa bayan raina. Takardar gaskiya ce, amma ba gaggawa a cikinta. So nake in ga fuskar ɗana kafin idon dama ya bi na hagu. Ka sa ni a addu'a.

Ka gaida mini Marika.

Naka,
Stamatis

Tasalonika, 22 ga Afrilu

Aminina Lefteris,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Man zaitun da ka aiko ya iso, na gode, ko da yake na bara ya fi shi.

Anestis ya zo. Ranar Asabar da hantsi, shi kaɗai, da 'yar jakarsa. Furfura ta fito masa a gefen kunne, ka ji. Na dafa miyar wake irin ta uwarsa, ya ci, ya ce na cika mata gishiri, muka ɗan yi dariya. Daga nan hira ta ƙare. Ni kuma abu ɗaya kawai na iya magana a kansa, sai na ɗauko farantan.

Awa biyu ina zuba. Wannan an buga ta a Kustantiniya, wannan a nan garinmu. Dubi yadda ɗan yake ƙara tsawo daga wannan zuwa waccan har ya kamo uban. Anestis yana ta gyaɗa kai. Can sai ya miƙa hannu ya ɗauki sabuwar, ya danne fuskokin da babban yatsa. Ka san gumin yatsa yana cin tagulla, a gefe ake riƙe ta. Ban san lokacin da na buge masa hannu ba, na ce, "Kai, ba a taɓa fuska!" Mutum ɗan shekara arba'in da biyar. Tun da ya shigo ban rungume shi ba, ko hannu ban ba shi ba. Bugun nan shi ne taɓa shi na farko da na yi.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini. Ya mayar da ita gurbinta a hankali, ya ce, "Baba, 'ya'yan mutane arba'in da uku gare ka a nan, kowanne da katinsa. Nawa ɗan fa, wace shekara aka haife shi?" Na fara lissafi da yatsu. Ya ce, "Watan fa?" Na ci gaba da lissafi. Ya ce, "To bari in sauƙaƙa maka. Faɗi sunansa kawai, yanzu in sa hannu a takardarka." Lefteris, na san sunan sarai. Yana nan a maƙogwarona. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sunan da ya kamata a sa masa ai ka san shi."

Ranar Lahadi na dawo daga coci na tarar ya tafi. Ya wanke kwanuka, ya gyara famfon kicin da ke ɗiga tun bara, ya bar takardar a tebur babu sa hannu. A bayanta ya rubuta lambar wayar gidansa. Na ji kunya, kuma har yanzu ina jin ta. Kada ka gaya wa Marika, ka san cikinta ba ya riƙe magana.

Naka,
Stamatis

Tasalonika, 30 ga Mayu

Lefteris ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Allah ya ƙara wa gwiwar sauƙi. Wasiƙarka ta iso, zagin da ke cikinta ma ya iso lafiya. Jaki mai taurin kai ka ce, na karɓa, ban da ta cewa.

Idon dama ya fara. Yanzu ko da gilashin ƙara girma ba na rarrabe uban da ɗan, sai dunƙule biyu kusa da juna. Sati uku ban buɗe farantan ba. Ina zama a bakin taga har rana ta faɗi, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa sai mai kawo wasiƙa.

Jiya da la'asar na kira lambar. Sau biyu ina ajiyewa kafin ta shiga. A na uku aka ɗauka, muryar yaro, ya faɗi wani abu da Jamusanci. Na kira sunan jikana, na ce, "Yonas." Ya amsa da wata 'yar gajeriyar kalma, ya tsaya yana jira. Na yi masa magana da harshenmu, ashe ba ya ji. Wa zai koya masa? Na sake cewa, "Yonas," ya sake amsawa. Ina jin numfashinsa, da haushin kare a bayansa. Ban ma san suna da kare ba. Ya yi haƙuri da ni fiye da minti guda, yaron kirki, sannan ya yi wata magana cikin ladabi ya ajiye. Ina jin ya ɗauka wani tsoho ne ya ɓata lamba.

Kai ka yi shekara goma sha takwas a masana'antar mota a can, ka dawo ka ishe mu da alfahari da Jamusancinka a gidan kofi. To ranar amfaninsa ta zo. Ka rubuto mini yadda ake cewa, "Ni ne kakanka," da yadda ake cewa, "Kada ka ajiye wayar." Ka rubuta da haruffanmu, manya-manya, da baƙin alƙalami mai kauri, don ƙananan sun daina shiga idona. Don Allah kada ka jira sai ka samu mai zuwa gari, ka sa a gidan waya ranar da wannan ta same ka.

Naka har kullum,
Stamatis