Rigar Mahaifinka

Ɗana Mansur,

Gaisuwa daga Tamanrasat, nan ƙasar Aljeriya. Yaya yayarka Hajjo da mutanen Damagaram? Ni lafiya lau, wankin gidajen mutane ne kawai ke cin hannu.

Na ji za ku yi wasan waƙa don girmama marigayi mahaifinka, kuma kai za ka fito a matsayinsa. Waɗanda ya hana zuba dattin masana'anta a tafkinmu, suka kai shi gidan kaso, har yanzu suna gari. Za su zo kallo, su tafa.

Rigarsa da ka tambaya tana cikin akwatin ɗakina, can gida. Ba zan hana ka sawa ba. Amma don Allah ka cire ta kafin ka fito titi, kamarku ta yi yawa.

Allah ya tsare min kai.

Mahaifiyarka,
Jummai